Tarihin Koyar da Yara Karatu a Makarantun Firamare na Arewacin Ƙasar Zazzau

1.0 Gabatarwa

Abin da ya sa muka kawo wannan batu gaban wannan taro shi ne wata tambaya da iyayen yara suka daɗe suna yi wa malamai a ƙauyukanmu. Tambayar ita ce, me ya sa yaro zai shekara huɗu ko biyar yana zuwa makarantar firamare, a miƙa masa wasiƙar da aka rubuto da Hausa ya kasa karantawa, alhali kuwa kakansa da ya tsaya a aji huɗu na elementare shi ne yake karanta wa mutanen unguwa wasiƙunsu? A ganinmu amsar tana cikin tarihi, don haka za mu bi diddigin yadda aka riƙa koya wa yaro karatu tun kafin zuwan Turawa har zuwa yau.

Mun ɗauki garin Kurmin Kogi na Ƙaramar Hukumar Ikara, da maƙwabtansa na Makarfi da Kudan, su zama ma'auninmu. Ƙasa ce ta manoman masara da dawa da rake da tumatir, tana arewa da birnin Zariya, kuma Hausa ita ce harshen gida da na kasuwa ga mafi yawan yaranta. Ga ta kusa da Zariya, garin da aka wallafa kusan dukkan littattafan farko na koyon karatun boko, saboda haka duk abin da ya sami karatu a Arewa, na ci gaba ko na koma baya, ana iya ganinsa a nan. Abin da za mu nuna shi ne, yaron ƙauye ya iya karatu a lokutan da aka fara masa da harshen da yake ji, a hannun malamin da ya san hanyar baƙi da wasali, kuma aka ba shi littafin da zai ci gaba da shi. Duk lokacin da ɗaya daga cikin waɗannan ya kuɓuce, sai karatu ya faɗi.

2.0 Hanyar Makarantar Allo

Tun kafin Turawa su ci Zariya a 1902, akwai tsayayyar hanyar koyar da karatu a wannan ƙasa. Bayan yaro ya hardace 'yan gajerun surori da ka, sai malam ya rubuta masa babbaƙu a allo, watau haruffa tsirara ba wasali. Malamanmu sun raɗa wa haruffan sunaye na Hausa bisa ga siffarsu da wurin da suke zuwa a cikin kalma, kamar ba guje, da mim jaye, da nun ara, da ha kuri, yadda yaro zai riƙe kowane harafi kamar yadda yake riƙe sunan abokin wasansa. In ya ƙware da babbaƙu sai ya shiga farfaru, inda ake ɗora wa harafi wasali bisa ko wasali ƙasa ko rufu'a, ya koyi haɗa su. Daga nan ne yake fara bin aya da yatsa yana karantawa da kansa.

Abubuwa biyu ne ya kamata mu lura da su a wannan hanya. Na farko, hawa-hawa take tafiya, daga harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma. Na biyu, kowane yaro da allonsa, kuma ba ya wanke allo a ƙara masa sai ya zo gaban malam ko wani gardi ya biya an ji. Ba shekara take ciyar da ɗalibi gaba ba, iyawarsa ce take ciyar da shi. Inda hanyar ta gaza kuwa shi ne, yaro yana karanta Larabcin da bai san ma'anarsa ba tukuna, kuma ba a koyar da ajamin Hausa a matsayin darasi mai zaman kansa. Wanda ya yi nisa ne yake amfani da haruffan da ya sani ya rubuta wasiƙa ko waƙa da Hausa. Duk da haka, yaron Kurmin Kogi da ya shiga makarantar boko, a da ko a yanzu, yakan zo da sanin cewa zane a kan allo yana ɗauke da sauti. Wannan jari ne wanda makarantar boko ba ta cika amfani da shi ba.

3.0 Shigowar Boko da Makarantun Elementare

Gwamna Lugga ne ya zaɓi a riƙa rubuta Hausa da haruffan Rumawa a ayyukan mulki maimakon ajami. A 1905 Likita Mila na mishan ya zauna a cikin birnin Zariya ya buɗe 'yar makaranta, wadda aka mayar Wusasa a 1929. A 1909 kuma Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa ta Kano, a 1912 ya fitar da ƙa'idojinsa na rubutun Hausa. A makarantarsa da Hausa ake fara koyar da karatu da rubutu da lissafi, kuma malaman da aka horar a can su ne suka watsu cikin larduna suka buɗe makarantu.

Wajen 1930 aka daidaita tsarin ya zama elementare ta shekara huɗu a hannun En'e, sa'an nan midil a babban garin lardi. A elementare Hausa ce harshen koyarwa. Malam yakan fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, ya kawo baƙi ɗaya ya aura musu, yara su yi ta rera ba, be, bi, bo, bu, har ya zauna musu, sa'an nan a haɗa gaɓa biyu a sami kalma kamar baba, ko kaka, ko rake. Duk wanda ya dubi wannan ya san farfaru ce aka sake wa riga. Abin da ya ƙaru shi ne, da zarar yaro ya haɗa ra da ke, ya san abin da ya karanta, domin ga raken can a fadama bayan gidansu.

Harshen Hausa kansa ya taimaki wannan hanya. Gaɓar Hausa iri uku ce kawai: baƙi da gajeren wasali, baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, da kuma baƙi da wasali da baƙi. Kusan kowane harafi sauti ɗaya yake wakilta a duk inda ya zo. Ingilishi ba haka yake ba, don harafi ɗaya yakan ɗauki sauti uku ko huɗu, shi ya sa ɗan Ingila ma yakan daɗe kafin karatu ya zauna masa. A cikin shekarun 1930 aka tsayar da baƙaƙe masu ƙugiya, watau ɓ da ɗ da ƙ, suka maye gurbin ɗigo da waƙafin sama da ake sa wa haruffa a da, aka raba baki da baƙi, aka raba kafa da ƙafa. Wahalar da ta rage wa mai koyo ita ce tagwayen baƙaƙe irin su sh da ts da ƙw da gy, da kuma rashin nuna tsawon wasali da karin sauti, wanda ya sa gari na zama da gari na tuwo suka zama rubutu ɗaya, sai jimla ce take bambanta su. Waɗannan kuwa abubuwa ne da malamin kirki yake warwarewa a cikin shekarar farko.

Amma kada mu yi wa wancan zamani kwalliyar da ba tasa ba. Makarantun elementare kaɗan ne, yawanci a garin da hakimi yake zaune, kuma dagatai ake ɗora wa nauyin kawo yara. Iyaye da yawa sun ɓoye 'ya'yansu don tsoron kada boko ya raba su da addini ko da gona, 'ya'ya mata kuwa ba a cika ganinsu a aji ba. Ajin elementare ya yi albarka ne a kan yara ƙalilan, waɗanda malam ya san kowannensu da sunansa da na ubansa.

4.0 Zariya, Gidan Littafi

Koyon haɗa baƙi abu ne na watanni, amma karatu ba ya zama sai da abin karantawa. A nan ne Zariya ta taka rawar da babu garin da ya taka irinta. An kafa Hukumar Fassara a 1929, a 1933 ta zama Hukumar Talifi a ƙarƙashin Dokta R. M. East, a Zariya. Gasar da ta shirya a shekarar ita ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo. A 1936 aka ɗauko Abubakar Imam daga Katsina ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wanda ya fito cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, kuma tun asali don 'yan makaranta aka yi shi. A watan Janairu na 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, a 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tukur-Tukur.

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci, wanda Malam Ahmadu Kumasi yana cikin jagororinsa, aka buɗe azuzuwan manya a ƙauyuka. Don a samar wa sababbin masu karatu abin karantawa aka kafa Hukumar NORLA a 1953, ta yi aiki har 1959. Ta buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwon lafiya da tarihi da addini, wasu da boko wasu da ajami, ta kuma fitar da jaridun larduna, kamar Bazazzaga ta Zariya, da Sodangi ta Kano, da Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato. Bayan rushewarta Kamfanin Gaskiya ya ci gaba da aikin, har aka kafa Kamfanin NNPC a Zariya a 1966.

Amfanin wannan duka ga ɗan firamare shi ne an yi masa tsani. Zai fara da Ka Koyi Karatu, ya hau Ka Ƙara Karatu, ya wuce Ka Yi Ta Karatu, sa'an nan ya sami Ƙaramin Sani Ƙuƙumi, da Bala da Babiya na Nuhu Bamalli, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, kafin ya kai ga Magana Jari Ce. Kowane mataki ya fi na ƙasansa tsawon jimla da yawan sababbin kalmomi. Daɗin daɗawa, in ya koma gida yana iya tarar da ubansa ko wansa ya dawo daga ajin Yaƙi da Jahilci da irin littafin da ake yi masa a makaranta. Karatu ya zama abin da ake yi a zaure, ana taruwa a saurari mai karanta jarida. Wannan shi ne zamanin kakan nan da iyaye suke kafa hujja da shi.

5.0 Shirin Ilmi Kyauta na 1976 da Abin da ya Biyo Baya

Tun wajen samun mulkin kai sha'awar Ingilishi ta ƙaru, domin shi ne harshen jarrabawa da na aikin gwamnati, har aka riƙa matso da shi zuwa ƙananan azuzuwa. A farkon shekarun 1970 Cibiyar Ilmi ta Jami'ar Ahmadu Bello, da taimakon UNICEF da UNESCO, ta gudanar da shirin kyautata ilmin firamare a jihohin Arewa shida na lokacin. An rubuta sababbin littattafai da jagorar malamai, an kuma sa masu horar da malamai suna zagayawa makarantu suna duba aiki a cikin aji. A ƙasar Yarabawa, Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwajin Ife a 1970, inda aka koyar da yara da Yarabanci shekara shida cif, sakamakon kuwa ya nuna ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin ma. A Jamhuriyar Nijar an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram a 1973. Saboda haka a lokacin masana sun riga sun san hanyar da take ɓullewa.

A watan Satumba na 1976 Gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilmin firamare kyauta ga kowa, watau UPE. An yi shirin karɓar yara kimanin miliyan 2.3 a aji ɗaya a ƙasa baki ɗaya, sai kimanin miliyan 3 suka zo. A yanki irin na Ikara da Makarfi da Kudan, wannan shiri shi ya kai makaranta ƙauyukan da ba su taɓa samunta ba, kuma ba mu da bakin raina wannan alheri. Sai dai malamai ba su isa ba. An buɗe kwalejojin horon malamai cikin gaggawa, an gajarta kwasa-kwasai, an ɗauki waɗanda ba su da horo ko kaɗan aka ba su aji. An kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna a 1976 don ta ɗaga darajar irin waɗannan malamai suna bakin aiki, amma yawan yara ya riga ya rinjayi shirin.

Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ta ce a fara koyar da yaro da harshen uwa ko harshen da ake yi a yankinsa, daga baya a koma Ingilishi. A takarda wannan ya dace da ɗan Kurmin Kogi sarai. A cikin aji kuwa abin ya zama gauraye: littafin lissafi da na kimiyya da Ingilishi suke, malam ya karanta da Ingilishi ya fassara da Hausa, yara su maimaita abin da suka ji. Hausa ta koma darasi ɗaya a cikin darussa, sau da yawa ma ana ba da shi ga malamin da ba a horar a kansa ba, bisa zaton duk Bahaushe yana iya koyar da Hausa. Sa'an nan kuɗin man fetur ya ja baya a farkon shekarun 1980, albashin malamai ya riƙa makara, matakan tsuke bakin aljihu na 1986 suka sa takarda ta yi tsada. Littafi ya bar hannun yaro ya koma teburin malam, daga baya ma ya ɓace daga teburin.

A nan ne aka yi asarar abin da makarantar allo da elementare suka yi tarayya a kai, watau sauraren yaro shi kaɗai yana biyawa. A ajin da yara suka yi yawa, malam ya rubuta jimla a babban allo, aji ya ɗauka baki ɗaya, wanda ya iya da wanda yake bin bakin na kusa da shi duk murya ɗaya ce. Ƙarshen shekara kowa ya wuce aji na gaba. In muka haɗa da fashin da yara suke yi da damina saboda gona, da na lokacin saran rake da tsinkar tumatir, da tallan da ake ɗora wa 'yan mata ranar kasuwa, za mu ga yadda yaro zai kai aji biyar bai taɓa haɗa baƙi da wasali da kansa ba, kuma ba wanda ya sani.

6.0 Daga 1999 Zuwa Yau

A ranar 30 ga Satumba 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, dokarsa ta fito a 2004. An gina azuzuwa da dama, amma an daɗe kafin a auna ko yaran da ke cikinsu suna karatu. A 2014 aka yi wani gwaji a jihohin Jigawa da Kaduna da Kano da Katsina, inda aka riƙa zaunar da ɗan aji biyu ko aji uku shi kaɗai a ba shi gajeren labari da Hausa ya karanta. Mafi yawan yaran ba su iya karanta ko kalma ɗaya ba. A 2017 Gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa, ta bayyana cewa 21,780 ba su kai makin da ta yanka ba, ta sallame su ta ɗauki sababbi. An yi ta muhawara a kan adalcin wannan mataki, amma ko sabon malami mai takardar shaida ba lalle ne an koya masa yadda ake koyar da karatun farko da Hausa ba.

Shirye-shiryen da aka kawo don gyara, kamar Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da RANA a Katsina da Zamfara, waɗanda suka fara wajen 2015, in aka dube su da kyau tsohuwar hanya suka komo: sautin harafi, gaɓa, kalma, gajeren labari, da littafi a hannun kowane yaro. A ɓangaren manufa kuwa, a watan Nuwamba na 2022 Gwamnatin Tarayya ta amince a koyar da harshen uwa a dukkan shekaru shida na firamare, sai kuma a watan Nuwamba na 2025 Ministan Ilmi ya ba da sanarwar soke wannan manufa da komawa ga Ingilishi. Hujjar da aka bayar ita ce faɗuwar ɗalibai a jarrabawa. Mu kuwa abin da tarihin nan ya nuna mana shi ne, manufar 1977 da ta 2022 duk ba su sami isassun littattafai da horarrun malaman da za su tsayar da su a ajin ƙauye ba, don haka da wuya a ɗora musu laifin abin da ba a gwada su a kai ba.

7.0 Kammalawa

Mun ga cewa hanyar baƙi da wasali tsohuwa ce a ƙasar Zazzau, ta fito daga allo ta shiga elementare, kuma ta yi ƙarfi a lokacin da Hukumar Talifi da NORLA da Kamfanin Gaskiya suka cika hannun yaro da littafi. Mun ga kuma yadda faɗaɗa makarantu ba tare da malami da littafi ba ya raunana ta. Ba muna cewa a hana ɗan Kurmin Kogi Ingilishi ba ne, domin yana bukatarsa a sakandare da wajen neman abinci. Abin da muke cewa shi ne haɗa baƙi sau ɗaya ake koyonsa a rayuwa, kuma ya fi sauƙi a harshen da yaro yake ji. In ya iya, haruffan nan dai su zai tarar a littafin Ingilishi.

Bisa ga haka muna ba da shawara ga hukumomin ilmi na Ikara da Makarfi da Kudan su riƙa ba ƙwararrun malamansu aji ɗaya da aji biyu, maimakon a tara su a manyan azuzuwa. A ware wani lokaci kowace rana don karatun Hausa, a kuma saurari kowane yaro shi kaɗai aƙalla sau ɗaya a zango kafin a ce ya iya. Sassan Hausa na jami'o'i da kwalejojin ilmi su mai da koyar da karatun farko darasi mai zaman kansa ga ɗalibai masu shirin zama malamai. Mu kuma da muke wannan zaure, da yawa daga cikinmu da Ka Koyi Karatu muka fara, saboda haka akwai bashi a kanmu na rubuta ƙananan littattafai masu hawa-hawa, waɗanda za su yi maganar gonar rake da kasuwar Makarfi, a kuma sayar da su a kan kuɗin da manomi zai iya biya.